Inna da Kwamfutar Tebur

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Inna, mahaifiyata, Bafulatana ce, duk da cewa rabon danginta da bin shanu tun zamanin kakanninta. A Mandawari aka haife ta, a nan aka yi mata aure, ba ta ma canza unguwa ba. Shanun sun tafi, Fillancin ma ya tafi sai ɗan abin gaisuwa da na zagi, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. Idan tana son in ɗebo ruwa, sai ta dubi randa ta ce, "Yau dai mutanen gidan nan da ƙishirwa za su wuni." Idan zazzaɓi ya kama ni, sai ta dama kunu ta ajiye a ƙofar ɗakin kakata, ta ce wai yawa ya yi mata.

Kakar tawa, mahaifiyar Baba, ita ta yaye ni, a ɗakinta na tashi. Hajiya muke ce mata, ita kuma maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika. Ita ce tafinta tsakanina da Inna, kuma tafinta ce marar amana, don sai ta ƙara gishiri a duk saƙon da ya bi ta hannunta. Na san abin da Inna take yi al'ada ce, kowa ya gaya mini. Amma sani bai hana ni jin haushi ba, musamman idan na ga tana raha da ƙannena, tana kiran kowa da sunansa har da na shagwaɓa, ni kuwa ina gefe ana ce mini "wancan".

Shekarar da sunana ya fito a jami'a, karatun zanen gine-gine aka ba ni, aka kuma ce dole kowane ɗalibi ya mallaki kwamfuta. Makarantar ba wata uwa duniya ba ce, idan ka fita ta Ƙofar Kabuga ka miƙa ka kusa. Amma ni tun kafin a kafe sunaye na gama yanke wa kaina hukunci: hostal zan koma. Ina son in kwana inda ba za a aike ni sayen kalanzir ina tsakiyar karatu ba, inda ba wanda zai tambaye ni daga ina nake don na wuce isha'i a waje.

Baba ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa, kuma ba abin da ya ƙi jini irin a ce ya yanke hukunci a cikin gida. A kasuwa zai iya raba rigimar mutum goma, a gida kuwa ko launin fenti aka tambaye shi sai ya ce a yi shawara. Da na kai masa maganar kwamfuta da ta hostal a soro bayan magariba, sai ya ɗaure su wuri guda don ya huta.

"Abu biyu ka kawo mini, ni kuwa ɗaya na gani," in ji shi. "In ta tebur ka zaɓa, ga ɗan shagon nan na jikin soro, a kwashe tarkacen ciki a gyara maka, ka riƙa jeka-ka-dawo. In kuwa laftof ce, ka rungumi abarka ka tafi hostal ɗin. Kai za ka yi karatun, kai za ka zaɓa."

Ya miƙe ya tafi masallaci da sauƙin zuciya, yana ganin ya fita. Bai san Inna tana bayan ƙyaure da kwanon tuwonsa a hannu ba.

Washegari da safe ina alwala a tsakar gida, sai na ji tana gaya wa turmi cewa ita dai ta ji an ce kwamfutar tebur ta fi ƙarko. Na ɗaga kai na duba ko akwai baƙuwa. Babu kowa, daga ita sai turmin. Matar da ko rediyo ta ƙi kamawa sai ta kira wani ya murɗa mata, yau ita ce da ra'ayi a kan kwamfuta.

Daga ranar gidanmu ya koma makaranta. Duk bikin da Inna ta je, duk sunan da ta leƙa, sai ta dawo da sabuwar hujja. Ɗan maƙwabciyar ƙanwar wance an fizge masa laftof a adaidaita sahu. Wani ya zubar da shayi a kan tasa, nan take ta ce ga garinku nan. Wata yarinya an ari tata don a kalli hotunan biki, har yau tana yawo gida-gida ba ta dawo ba. Wannan ta ƙarshe ta ɗan taɓa ni, don na san unguwarmu. Duk abin da hannu zai iya ɗauka, to na aro ne: dutsen guga, tsani, tukunyar biki, har kujerar guragu ta marigayi kakanmu sai da ta zaga layi. Inna ta dubi igiyar shanya ta ce, "Ita kuwa ta tebur, wa zai ce a ara masa? Sai dai ya zo da kurar ɗaukar kaya."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne hujjojinta ba na banza ba ne. Ban san inda take samo su ba a lokacin. Ranar nan ta ce wa tsintsiya, wai ta tebur tana da fanka babba a ciki, ba ta zafi ko an wuni ana zane. Wata rana ta ce wa kajinta idan wani abu ya lalace a ciki, shi kaɗai ake cirewa a sa sabo, kuma ana iya ƙara mata ƙwaƙwalwa idan karatu ya yi nisa. Har ta san allonta ya fi faɗi, mai zane ba zai kashe idonsa ba. Na je na tambayi wani da ya riga ni shiga sashen, ya ce duk gaskiya ne, ya kuma tambaye ni wane injiniya ne ya ba ni shawara.

Ni ma ban zauna ba. Tunda ba a yi mini magana kai tsaye, ni ma sai na bi ta Hajiya. Na zauna a ƙofar ɗakinta na ɗaga murya yadda za a ji a madafi.

"Hajiya, ita ta tebur ɗin da me za ta yi aiki? Wutar da ake kawo mana sai ka yi sa'a ka gama guga? Laftof tana da batir. Kuma malami zai ce a kawo aiki aji, in ɗauko tebur a ka?"

"Maigida ya ce ba shi da wuyan dako!" Hajiya ta ƙwala wa madafi, ko da yake ba haka na ce ba.

Sai ƙarar ludayi daga madafi. Can Inna ta ce, ai ta ji akwai wani ɗan akwati da ake haɗawa, yana riƙe wuta idan an ɗauke. Aiki kuma ana zuba shi a wani ɗan abu kamar ɗan yatsa, a sa a aljihu a kai wa malamin.

Hajiya ta kalle ni tana dariya har da tafa hannu. "An ci ka, maigida. Koma ka sake shiri."

Akwai hujja ɗaya da Inna ba ta iya faɗa ko ga turmi ba, sai ta ba Hajiya a asirce. Hajiya kuwa ta jira sai da Baba da ƙannena suka hallara ana cin abinci, sannan ta sanar da cewa ita wannan ta ɗorawa a cinya, an ce zafinta yana hana namiji haihuwa, kuma ita ba za ta yarda a nakasa mata miji ba. Baba ya ƙware da ruwa. Inna ta ja mayafi ta shige ɗaki, ba a ƙara ganinta ba sai da la'asar.

Sannan aka wayi gari na ga kafinta a shagon jikin soro yana gwaji. An fitar da tsofaffin buhuna da karyayyen keke, an share, an shafa farar ƙasa. Bayan 'yan kwanaki tebur ya iso, sabo fil, har da rami a bayansa na zura wayoyi da ɗan allo mai shiga da fita na ajiye kibod. Na tambayi Baba ko shi ya sa a yi, ya rantse bai san zancen ba. Na tambayi Hajiya, ta ce ita da za ta yi mini kyauta, da hula za ta saya mini in rufe wannan ƙeyar. Inna kuwa ta wuce ta gabanmu da tsintsiya, tana cewa ita dai ta ga ɗakin yana tara ɓeraye ne.

Ba wawa ba ne ni, na gane tun ranar turmi cewa ba kwamfuta ake magana ba. Inna ba ta son in bar gidan. Kuma gaskiya abin ya yi mini daɗi, irin daɗin da ban saba da shi ba. Amma daɗin ya zo da taurin kai. Na ce a raina, tunda har tana so in zauna, to ta faɗa. Ba ga turmi ba, ba ga kaji ba, ba ta bakin Hajiya ba. Ta dube ni sau ɗaya ta ce kada ka tafi, ni kuwa in sayi ta tebur, in ma ta ce in sayi injin markaɗe in kai aji, zan saya.

Ranar da za a je kasuwa, na same ta a madafi tana tankaɗe. Na durƙusa a gabanta, kusa fiye da yadda na taɓa yi tun ina yaro.

"Inna," na ce, "yau za mu je. Wacce kike so in saya?"

Hannunta ya tsaya a kan rariya. Na ga kunnenta ya yi ja, kasancewarta fara. Ta gyara ɗankwali, ta juya fuska wajen bango. Na jira, har na fara sa rai. Sannan ta ce wa garin da ke cikin ƙwarya, a hankali, "Mai abu ai shi ya san abin da ya dace da shi." Ta miƙe ta fita, ta bar tankaɗen a nan.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san ba za ta iya ba, na san na tambaye ta abin da ba a tambaya, amma duk da haka na ji kamar an rufe mini ƙofa a fuska.

Kawu, ƙanen Inna, shi ya raka ni, don yana da shago a kasuwar 'yan waya kuma ya san masu kawo kwamfuta ta hannu. Tun a hanya ya fara: ta tebur tana da fanka babba, ana iya ƙara mata ƙwaƙwalwa, allonta ya fi faɗi. Kalma bayan kalma, yadda na ji su a tsakar gidanmu. Na juya na dube shi.

"Kawu, ashe kai ne injiniyan."

Ya yi dariya ya sosa ƙeya. "Ɗana, ka rufa mini asiri. Yaya ta hana ni sakat. Ina cikin ciniki sai waya, wai mene ne aibin laftof. In faɗa mata, ta ce in maimaita a hankali ta haddace. Ni wallahi laftof nake amfani da ita, amma an aiko ni, na isar."

Aka jera mana su a kan kanta. Ta tebur tana gefe, baƙa, mai kauri, allonta ya kai faifai, kuma ban ƙi ta ba ko kaɗan. Na tsaya a gabanta na ɗan lokaci. Sai na tuna bayan ɗankwalin nan da aka juya mini, na nuna wata laftof mai ruwan toka na ce a kunna mini ita. Kawu ya duba batir, ya duba maɓallai, ya yi ciniki, muka biya muka hau adaidaita. A nan ya ce shi ba zai shiga gidan ba yau, yana da uzuri.

Da na shiga da jakar a kafaɗa, Inna tana shara. Ta kalli jakar, ba ni ba, ta ce wa bango, "Allah ya sanya alheri." Shi ke nan. Ba a ƙara jin lacca ba. Turmi ya huta, kaji suka huta, teburin nan Baba ya ɗora rediyonsa a kai. Na yi zaton zan ji daɗin nasara, sai na tarar gidan ya yi mini shiru da yawa. Hajiya ma ta rage tsokana, sai dai idan na wuce ta ce, "Ka kyauta, mai cinya."

Ranar Asabar na tare a hostal. Inna ta cika mini jakar bakko da garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, dambun nama da kwalbar man shanu, ta jingine ta a ƙofar ɗakin Hajiya ta ce wai kayan sun daɗe a ɗakinta suna neman lalacewa. Dambun da ɗuminsa. Ni na shirya jakar laftof da hannuna, na naɗe caja na sa a aljihun gefe na ja zif, na ajiye a soro na shiga yin sallama. Hajiya ta yi mini addu'a mai tsawo da zagi a ƙarshenta. Inna ba ta fito ba, daga cikin ɗaki na ji ta ce a sauka lafiya.

Daren farko na kunna laftof na nuna wa abokan ɗakina, muka kalli abin da ba karatu ba har batir ya yi ƙasa. Na zuge aljihun gefe, wayam. Na zazzage jakar, na zazzage bakko har yaji ya sa mu atishawa, babu caja. Na zaga ɗakuna neman aro, kowa tasa bakinta daban. Na lallaɓa sauran batirin ranar Lahadi, ina kunnawa ina kashewa, don girman kai ya hana ni komawa gida kwana ɗaya da tafiya. Ranar Litinin ta mutu murus. Ana tashi daga lacca na hau adaidaita, na shigo ta Kabuga ina ƙunƙuni, ina zargin kowa har da direban da ya kai ni.

Tun daga soro na ji ƙamshin miyar taushe. A gidanmu ba a yin taushe da tuwon shinkafa sai da dalili, kuma kowa ya san wanda yake mutuwar son ta. Hajiya tana zaune a kan tabarma, tana ganina ta fashe da dariya.

"Ga shi nan! Maigida, ka yi latti. Tun jiya ake rufe maka kwano. Na jiyan ni na taimaka maka da shi, kada ya lalace."

"Hajiya, caja na zo nema."

"Mun sani. An tambayi kawunka kwana nawa abar take yi ba ci ba sha. Ya ce in mai ita ya yi tattali ta kai jibi, in ya yi almubazzaranci gobe ma za a gan shi. Ashe kai mai tattali ne."

Inna tana bakin murhu, ta ba mu baya, tana ta gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Ta ce wa tukunya ita dai ta ga wata igiya a yashe a soro, ta ɗauke don kada ɓera ya ci. Igiyar da na sa a aljihu na ja zif da hannuna. Ta shiga ɗaki ta fito da ita, an naɗe ta a cikin sabon ɗankwali, an ɗaure bakin. Ba ta miƙo mini ba, ta ajiye a gefen tabarma kusa da kwanon tuwo, ta koma wajen murhunta.

Na zauna na ci. Ban iya ɗaga kai ba, don idona ya cika, kuma Hajiya tana jira ta gani ta samu abin tsokana na shekara. Duk haushin da na ɗauko daga hostal, da wanda na ɗauko tun daga madafi ranar tankaɗe, na neme shi na rasa. Matar nan ba ta taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, ga ta ta buɗe jakar mutum a soro tana waige-waige. Na ji tausayinta, na kuma ji kunyar abin da na nema a wurinta.

Na jona laftof a ɗakin Hajiya, aka yi sa'a akwai wuta, ta cika kafin la'asar. Na zare cajar na naɗe, na rataya jaka, na yi sallama, har na kai soro. A nan na tsaya. Na san gobe zan biya shagon Kawu in sayi wata in ajiye a hostal, karatu ba zai yiwu da batir kaɗai ba. Na san ita ma za ta sani, tunda Kawu ba ya iya riƙe magana. Duk da haka na juyo. Na mayar da cajar cikin ɗankwalin, na ɗaure yadda na same ta, na ajiye a bakin ƙofar ɗakinta. Sannan na dubi randa, na gyara murya.

"A ajiye wa mutum wannan," na ce. "Hostal ɗin akwai ɓeraye. Zai zo ya yi caji ran Alhamis."

Hajiya ta toshe baki da gefen zane. Inna ba ta juyo ba. Ta ɗauki ludayi ta juya miya, ta ɗanɗana, ta mayar da murfi, sannan ta ce wa tukunyar, "An ce batirin ba ya kai Alhamis."

"To, Laraba," na ce wa randa.

"A zo da wuri," in ji ta, "kafin tuwo ya huce."